Yadda Ake Feɗe Tallar Talabijin: Abin da Aka Nuna, Wanda Ake Nufi da Saƙon da Ba a Furta Ba

Ranar 1 ga Yuli, 1941, wata tashar talabijin a birnin New York na Amurka ta nuna tallar agogon Bulova gabanin a fara wasan ƙwallo. Ita ce tallar talabijin ta farko da aka biya kuɗi bisa doka a ƙasar, kuma abin da aka caji kamfanin bai wuce dala 9 ba. A shekarar 2023, daƙiƙa 30 na talla a lokacin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, sun kai kimanin dala miliyan 7. In ka raba, kowace daƙiƙa ɗaya ta haura dala dubu 230. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai bar komai ga sa'a ba. Launin rigar da aka sa, inda aka ajiye kujera, lokacin da kiɗa ya tashi, har murmushin yaron da ya gifta ta baya, duk zama aka yi aka zaɓe su. Ko tallar da aka yi da kuɗi kaɗan haka take, domin lokacin gajere ne, ba wurin ɓarna.

Mai kallo kuwa yana zaune ne a sake, hankalinsa rabi a allo rabi a waya. Wannan rashin daidaito shi ne ya sa nake ganin kowa ya kamata ya iya nazarin talla, ba ɗaliban aikin jarida kaɗai ba. Kuma abin da zan yi ta nanatawa a nan guda ne: a kowace talla akwai abin da aka nuna, akwai abin da aka faɗa, akwai kuma abin da kai mai kallo ka ƙarasa da kanka. Na ukun nan shi ne aka biya kuɗi dominsa. Dukan matakan da ke tafe hanya ce ta raba ukun.

Mataki na farko: kama tallar, ka rubuta inda ka same ta

Ba a nazarin talla da ka. Ka ɗauke ta da waya daga allo, ko ka nemo ta a intanet, yadda za ka iya tsayarwa da maimaitawa. Ka tanadi takarda da biro. Zaɓi wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma in karon farko ne, zaɓi ta kayan da kai ma kana saya, saboda ka fi saurin gane inda aka taɓo ka.

Kafin ka shiga cikinta, rubuta mahallinta: wace tasha, wace rana, ƙarfe nawa, a tsakiyar wane shiri, wace talla ce kafinta, wace ce bayanta. Wanda ya samo talla a intanet ya rasa wannan bayani, don haka in da hali ka jira ka gan ta a talabijin ɗin ko sau ɗaya. Za ka ga amfaninsa idan muka zo kan masu kallo.

Mataki na biyu: kallon farko

Kalle ta sau ɗaya kamar kowa, ba tsayarwa. Tana ƙarewa ka juya baya ka rubuta abubuwa uku: me ka ji a ranka, me ka tuna, me kake jin an yi maka alkawari. Kada ka gyara, kada ka yi wayo. In dariya ta ba ka, rubuta. In ta tuna maka da mahaifiyarka, rubuta. Ka ajiye takardar a gefe, domin ita ce shaidar abin da tallar ke yi wa mutumin da bai shirya mata ba, kuma da ita za ka gwada duk abin da ka gano daga baya.

Mataki na uku: kashe sauti, ka bar ido ya yi aiki

A nan aikin yake, kuma a nan mutane suka fi gaggawa. Kashe sautin gaba ɗaya. Duk lokacin da hoto ya yanke ya koma wani, ja layi a takarda. Ƙirga layukan. Yawancin mutane suna mamakin adadin da suke samu a cikin daƙiƙa 30, domin ido yana haɗiye yankan ba tare da ya sanar da kai ba. Saurin yanka yana kawo zumuɗi da ɗoki. Hoto mai tsawo, wanda kamara ke tafiya a hankali, yana kawo natsuwa da jin cewa abin mai tsada ne ko mai daraja.

Sai ka koma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana tsayarwa. A kowane hoto rubuta abin da ke ciki kawai, ba fassara. Kada ka rubuta "uwa mai son 'ya'yanta." Rubuta "mace mai kimanin shekara talatin, tana durƙushe, tana gyara wa yaro wuyan riga." Bambancin biyun shi ne dukan wannan sana'a. Na farko hukuncinka ne, na biyu shi ne abin da kamara ta ɗauka. In ka bar hukunci ya riga bayani, ka riga ka faɗa cikin tallar kafin ka fara nazarinta.

Bari mu ƙaddara wata tallar garin sabulun wanki, mu riƙe ta har ƙarshe. Yaro ya dawo daga makaranta da farar riga duk laka. Fuskar uwa ta cika allo, ta yi jim. An nuna kwalin sabulu. Ruwa, kumfa, hannu. An shanya riga, rana na dukanta. Washegari yaro a layin makaranta, malama ta dube shi ta yi murmushi. Fuskar uwa kuma, yanzu a sake. Kwali da tambari.

Ga abubuwan da za ka tambayi kowane hoto. Daga ina kamara take kallo? In daga ƙasa ta ɗaga, mutum ko kaya yana yin girma da kwarjini. In daga sama ta leƙo, yana ƙanƙancewa. Kusa ko nesa? Ana matso da fuska ne idan ana so ka ji abin da mai fuskar ke ji. Yaya haske da launi suke kafin hajar ta bayyana, yaya suke bayanta? Sau da yawa rabin farko dishi-dishi ne, launuka sun koɗe, sai kwali ya fito duniya ta washe. Ba wanda ya ce maka sabulu ne ya kawo hasken, amma idonka ya haɗa su. A daƙiƙa ta nawa hajar ta fara fitowa, sau nawa tambari ya bayyana, kuma a hannun wa? Wane irin gida ne, waɗanne irin kaya ne a ɗakin? Gidan talla kusan kullum ya ɗan fi na wanda ake nufi, ba da nisa sosai ba, daidai inda buri zai iya kaiwa.

Akwai wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, wanda tun wajen shekarun 1920 ya nuna wani abu da masu talla ke cin gajiyarsa har gobe. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da hotuna daban-daban. Masu kallo suka riƙa ganin yunwa, ko baƙin ciki, ko sha'awa a fuska guda, gwargwadon hoton da aka haɗa ta da shi. Ma'ana ba a cikin hoto ɗaya take ba, tana tsakanin hotuna biyu. A tallarmu, murmushin malama shi kaɗai ba ya cewa komai. Da aka ajiye shi bayan farar riga, sai ya zama yabo ga uwa. Saboda haka duk inda ka ja layi, tambayi kanka: me haɗuwar wannan hoto da na gabansa ta sa na yi zato?

Mataki na huɗu: rufe ido, ka bar kunne

Yanzu kunna sauti ka juya wa allo baya. Murya nawa ka ji? Ta namiji ko ta mace, ta babba ko ta matashi? Wa ke magana a cikin labarin, wa ke magana daga sama ba a ganinsa? Wannan murya da ba ta da fuska ita ce mai yanke hukunci a talla, kuma yana da kyau ka lura wa aka ba ita. A tallace-tallacen kayan gida da yawa za ka tarar mace ce ke aikin a hoto, amma namiji ne ke bayani daga sama.

Saurari kiɗa: ina ya shigo, ina ya canza, ina aka yi shiru. Shiru na daƙiƙa ɗaya kafin a ambaci sunan haja yana aiki kamar nuni da yatsa. Saurari ƙananan sautuka, ƙarar buɗe kwalba, rufewar ƙofar mota, tartsatsin ruwa. Galibinsu a ɗakin haɗa sauti ake ƙara su ko a ƙarfafa su. Ƙarfin sautin ma makami ne. Koke ya yi yawa a Amurka kan yadda talla ke fin shirin da ta katse ƙara, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2010 da ta hana hakan, dokar ta fara aiki a Disambar 2012.

Daga nan sai ka rubuta duk kalmar da aka furta, ɗaya bayan ɗaya, har da waƙa. Aiki ne mai cin rai, amma kada ka tsallake shi. Magana idan ta sauka a takarda, ba kiɗa ba hoto, tana tuɓe kwalliyarta.

Mataki na biyar: tace maganganun

Ɗauki rubutun ka raba jimlolin gida uku. Gida na farko, abin da za a iya gwadawa a tabbatar ko a ƙaryata: nauyi, farashi, tsawon garanti, abin da aka haɗa. Gida na biyu, yabon kai wanda ba ya ɗaukar awo: "ɗanɗano na musamman," "zaɓin masu hankali." Gida na uku, wanda ya fi buƙatar ido, maganar da ta yi kama da ta farko amma ta biyu ce.

Ga alamominta. "Yana taimakawa wajen" kawar da tabo: taimako ba kawarwa ba ne, ruwa ma yana taimakawa. "Har zuwa" kashi kaza: iyakar sama ce aka gaya maka, ba a gaya maka ta ƙasa ba. "Ya fi fari," "ya fi ƙarfi," "ya fi daɗewa": fiye da me? Fiye da na wani kamfani, ko fiye da tsohon samfurinsu, ko fiye da wanki ba sabulu? Kwatancen da ba shi da ƙafa ta biyu, kai ake bar wa ka sa masa. "Babu wanda ya fi shi" tana iya nufin duk daidai suke. "Bincike ya nuna": wa ya yi, a kan mutum nawa, wa ya biya? "Daga" farashi kaza: wannan na mafi ƙanƙanta ne, kuma ba lallai shi aka nuna a hoto ba.

Sai ka tsayar da hoto a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan allo. Kwafe shi duka, ka kuma duba daƙiƙa nawa ya yi. Gwada karanta shi da ƙarfi a cikin wannan lokaci. Ni dai na ɗauki wannan rubutu a matsayin wuri mafi gaskiya a talla, domin lauyoyi ne suka sa shi, kuma inda ya saɓa wa babbar murya, shi ne abin da kamfanin zai tsaya a kai in an je gaban hukuma.

Kada kuma gwajin da aka yi a gaban kamara ya ruɗe ka da cewa gani ya kori ji. A wajen shekarar 1960 kamfanin Colgate-Palmolive ya yi tallar kumfar aski mai suna Rapid Shave, inda aka nuna reza tana aske takardar goge katako bayan an shafa mata kumfar. Ashe ba takardar ba ce, wani faranti ne na roba mai kama da gilashi aka barbaɗa wa yashi. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ƙalubalanci tallar, magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1965 ta goyi bayan hukumar: ba a yarda a nuna wa mutane kwaikwayo a ce musu gwaji ne da idonsu ba. A tallarmu ta sabulu, tambayar ita ce: rigar da aka shanya ita ce wadda ta yi laka? Kamara ta yanke tsakanin wanki da shanya. Duk abin da ya faru a cikin wannan yanka, ba ka gani ba.

Haka mai farar riga da gilashi a ido. An ce likita ne, ko kai ka ɗauka? In an ce, an faɗi sunansa? Haka fitaccen ɗan wasa ko mawaƙi: me ya haɗa ƙwarewarsa da wannan haja? An ara farin jininsa ne a lulluɓe kayan da shi, kuma biyansa aka yi.

Mataki na shida: da wa ake?

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Talla tana fita gaban miliyoyi, amma da wasu ƙalilan take magana, kuma ba ta damu in sauran ba su gane ba. Idan wata talla ta yi maka kamar shirme, kafin ka yanke cewa ba ta yi kyau ba, ka fara zargin cewa ba da kai ake ba.

Ɗauko bayanin da ka rubuta a mataki na farko. Lokaci da shiri su ne shaida mafi ƙarfi, saboda tashar talabijin ainihin abin da take sayarwa shi ne masu kallonta, mai talla kuma shi ne mai saye. Wannan tsohon ciniki ne. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango da aka fara a rediyon Amurka a shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka ɗauki nauyinsu domin su isa ga matan da ke gida da rana, har sunan sabulu ya manne wa irin waɗannan wasanni a Turanci. Saboda haka talla a tsakiyar ƙwallo, talla a tsakiyar labarai, talla a tsakiyar zanen yara, kowacce ta riga ta gaya maka rabin amsa. Tallace-tallacen da ke maƙwabtaka da ita ma shaida ne, domin masu farautar nama ɗaya a daji ɗaya suke haɗuwa.

Sannan ka duba cikin tallar. Mutanen da aka nuna iri biyu ne: ko dai kamar mai kallo suke, ko kamar yadda yake so ya zama. Wane harshe aka yi, wane salo, na manya ko na matasa? Wace damuwa aka ɗauka cewa mai kallo yana da ita tun kafin a fara? Tallarmu ba ta ɓata lokaci wajen bayyana dalilin da zai sa uwa ta damu da ganin malama ba. Ta ɗauka an sani. Abin da talla ba ta ga buƙatar bayyanawa ba, shi ne hoton wanda take nufi.

Ka kuma raba mai amfani da mai saye da mai matsa lamba, don ba kullum mutum ɗaya ba ne. Yaro ne zai sa riga, uwa ce ke zaɓen sabulu. A tallar alewa ko abin wasa kuwa, yaro ake zugawa ya je ya dami mai kuɗin. Wannan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai, domin ƙaramin yaro bai gama bambance shiri da talla ba, kuma bai san cewa mai maganar yana da wata buƙata a wurinsa ba. Shi ya sa lardin Quebec na Kanada ya haramta tallar da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980, Suwidin kuma ta hana irinta a talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. In tallar da kake nazari da yara take, ka rubuta hakan a fili, ka kuma duba ko tana koya musu yadda za su roƙa.

Ka ƙare wannan mataki da siffanta mutum ɗaya a jimla biyu ko uku: shekarunsa, halin aljihunsa, abin da yake tsoro, abin da yake buri. Sai ka tambayi wa aka bari a waje. Tsofaffi, masu naƙasa, talakawa, maza a wurin wanki, mata a kujerar shugabanci: rashinsu ma magana ce. A Birtaniya, tun watan Yunin 2019 hukumar kula da tallace-tallace take aiki da ƙa'idar da ta hana nuna maza ko mata a cikin tsofaffin siffofi masu cutarwa, wanda ke nuna cewa ba masu nazari kaɗai ke ɗaukar wannan da muhimmanci ba.

Mataki na bakwai: fito da saƙon

Yanzu ka cika wannan jimla: "Idan na sayi kaza, zan zama, ko zan samu, ko zan tsira daga kaza." Jimla ɗaya, ba fiye ba. A tallarmu, saƙon fili shi ne sabulun yana fitar da laka. Jimlar da ka cika kuwa za ta fi kama da: "Idan na yi wanki da wannan, ba za a ga gazawata a matsayin uwa ba." Koma kan rubutun da ka kwafe, ka nemi wannan jimla. Ba za ka same ta ba. Babu wanda ya furta ta. An jera maka laka, jim ɗin fuska, kwali, murmushin malama, kai ka ɗinke. Kuma abin da mutum ya ɗinka da kansa ya fi riƙe shi fiye da abin da aka gaya masa, ga shi ya fi wuya hukuma ta tuhumi kamfani kan maganar da bai furta ba.

Misali mafi ƙarfi da na sani na siyasa ne. Ranar 7 ga Satumba, 1964, kwamitin yaƙin zaɓen shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa wata talla: ƙaramar yarinya tana cire ganyen fure tana ƙirgawa, sai muryar namiji ta karɓe da ƙirgen baya-baya, kamara ta kutsa cikin idonta, sai fashewar makamin nukiliya. Ba a ambaci sunan abokin takararsa Barry Goldwater ko sau ɗaya ba. Sau ɗaya aka biya aka nuna ta, amma kowa ya gane da wa ake da abin da ake cewa game da shi, har yau kuma ana koyar da ita. Masu kallo ne suka furta zargin.

Don gane ta wace ƙofa aka shigo maka, rabon da masanin falsafar Girka Aristotle ya yi tun fiye da shekara dubu biyu yana nan da amfaninsa: ana shawo kan mutum ta hanyar amincewa da mai magana, ko ta motsa zuciya, ko ta hujja. Ɗauki daƙiƙoƙin tallar ka raba wa ukun. Nawa aka kashe kan hujja, nawa kan zuciya? In zuciya ce, wace jijiya: tsoro, kunya, ƙauna, kishi, kewar da, son shiga sahu? Ba ina cewa motsa zuciya laifi ba ne. Tallar rigakafi ko ta kiyaye haɗarin mota ma da zuciya take aiki, kuma gara haka. Abin dubawa shi ne ko jin da aka tayar yana da alaƙa ta gaskiya da abin da hajar za ta iya yi. Sabulu yana fitar da laka. Ba ya mayar da mace uwa tagari, kuma rashinsa ba ya hana ta zama.

Wani abu da ke ɗauke hankalin masu fara nazari shi ne farautar ɓoyayyun saƙonni, wai ana walƙa kalmomi da sauri yadda ido ba zai gani ba. Asalin wannan tsoro wani mai binciken kasuwa ne, James Vicary, wanda a 1957 ya yi iƙirarin ya ƙara cinikin wani gidan sinima ta wannan hanya. A 1962 shi da kansa ya amsa cewa ba shi da bayanan da za su tabbatar da maganar. Kada ka ɓata ƙarfinka a nan. Dabarar talla a fili take, sauri da maimaici ne ke rufe ta. Shi maimaicin ma an yi bincike a kansa: masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kawai yana sa a fi son sa. Wannan ne ya sa wasu tallace-tallace ba su da wata hujja ko labari, suna kawai suke ta maimaitawa, don ranar da ka tsaya gaban kanta hannunka ya tafi wurin wanda ido ya saba da shi.

Mataki na takwas: abin da aka yi shiru a kansa

Rubuta tambayoyi biyar da mai saye mai hankali zai yi kafin ya fitar da kuɗi. Nawa tallar ta amsa? Farashi, illa, sharuɗɗa, kuɗin ruwa, tsawon kwana, abin da zai faru in kaya ya lalace. Ka kuma tuna cewa abin da ake iya faɗa ya danganta da dokar ƙasar da aka yi tallar. Birtaniya ta cire tallar sigari daga talabijin a 1965, Amurka a farkon Janairun 1971. Tallar maganin da sai likita ya rubuta, kai tsaye ga jama'a, Amurka da New Zealand ne suka yi fice wajen yarda da ita, kuma a ta Amurka doka ta tilasta a ambaci illoli. In irin wannan ta faɗo hannunka, duba me ake nunawa a allo daidai lokacin da murya ke jero illolin. Galibi mutane ne ke dariya a lambu, kunne na jin abu, ido na ganin kishiyarsa.

Mataki na tara: gwada, sannan ka rubuta

Talla ɗaya ba ta isa ka san ko abin da ka gani nata ne ko na dukan masu irin wannan haja. Nemo ta abokin hamayya, ka bi ta da matakan nan a gurguje. In hali ya yi, nemo tsohuwar tallar kamfanin ta shekaru ashirin baya. Abin da ya canza zai nuna maka yadda suke ganin masu saye sun canza, abin da bai canza ba kuma shi ne jijiyar da suke takawa tun asali.

Wajen rubutawa, fara da bayanin tallar a taƙaice yadda wanda bai gan ta ba zai gane. Sai wanda ake nufi, da shaidarka. Sai saƙon fili da jimlar da ka cika, da hotuna ko sautukan da suka kai ka gare ta, kowanne da daƙiƙarsa. Duk iƙirarin da ba za ka iya nuna masa daƙiƙa ba, soke shi. Hukuncinka ya zo a gida biyu da bai kamata a cakuɗa su ba: ta yi aiki, kuma ta yi gaskiya? Talla tana iya zama gwaninta ta kuma zama yaudara, tana iya zama mai gaskiya ta kuma kasa jan kowa.

Sai ka ɗauko takardar kallon farko da ka ajiye. Sa ta kusa da jimlar da ka cika a mataki na bakwai, ka ja layi ƙarƙashin kowane alkawari da ka rubuta a wancan lokaci, ka nemi inda aka furta shi a cikin kalmomin da ka kwafe. Wanda ka samu, sa masa alama. Wanda ba ka samu ba, rubuta a gefensa hotuna biyun da aka jera har suka sa ka ɗauka an faɗa.